Baba Tsoho, Mai Jiran Wutsiyar Jirgi

Shekara goma ke nan cif, a wannan wata na Safar, da rasuwar kakana na wajen uba, Malam Sule, wanda mutanen unguwarmu a Daura suka fi sani da Sule Reluwe, mu kuma jikoki muke ce masa Baba Tsoho. Ina da shekara goma sha biyu ya bar mu. A ƙa'ida wani ne ya kamata ya yi wannan rubutu, domin yana da 'ya'ya da suka fi ni saninsa, ga kuma matarsa, Iya, tana nan da ranta da bakinta. To amma bana babu wanda ya kai ni tuna shi a gidanmu, kuma tsoro ne ya jawo. Wata uku na yi ban iya shiga mota ba, alhali takardar shiga makarantar koyon aikin jinya a Kano tana ƙarƙashin katifata, kwanakin rajista suna ta ƙarewa. Zan zo kan wannan. Bari in fara da shi.

Ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Zango. Yana saurayi ya tafi Kano cin rani, ya samu aikin lebura a reluwe, daga baya aka tura shi wata 'yar tasha a layin Nguru, tsakanin Ringim da Gagarawa. A can ya yi aure, a can aka haifi babana da ƙanwarsa Gwaggo Binta, a can ƙuruciyarsa ta ƙare. Da ya ajiye aiki sai ya kwaso iyali ya dawo Daura, garin da jirgin ƙasa bai taɓa ratsawa ba. Wannan ya sa duk labarin da ya ba mu, babu mai iya ƙaryata shi, babu kuma mai iya gaskata shi, in ban da Oga Sande mai sayar da kayan gyaran babur a bakin kasuwa, wanda ubansa ma ma'aikacin reluwe ne. Su biyun sukan zauna a benci bayan la'asar su yi ta gardama a kan abin da babu wanda ya sani sai su. Oga Sande ya ce jiniyar jirgin kwal ta fi daɗi, Baba Tsoho ya ce, “Kai da kake cikin zanen goyo a lokacin, ina ka san daɗin jiniya?”

Shi ɗan dizal ne, ba ya ɓoyewa. Ya tarar da jirgin kwal a ƙarshen zamaninsa, yakan ce kamar tsohon maƙeri yake, sai tari da tartsatsi, ya baƙanta wa mata wanki, da kaka kuma ya cinna wa karan gero wuta a gefen layi. Ran da aka fara kawo kan jirgi na dizal tasharsu, in ji shi, har daga ƙauyuka aka zo kallo. Ba ya huci, ba ya neman a ba shi ruwa, sai wani gurnani daga ƙirji wanda tafin ƙafarka yake ji kafin kunnenka ya ji. In yana ba da wannan labari sai ya sa mu dafa ƙasa da tafin hannu, shi kuma ya dinga gurnani da maƙogwaro yana ƙara ƙarfi a hankali, har sai ƙaramin cikinmu ya tsorata ya ruga ɗakin Iya.

Ni dai jirgin da na sani, na bakin Baba Tsoho ne. Na san warin man dizal in ya gauraya da na buhunan gyaɗa da bandar kifin da ake saukowa da ita daga Nguru. Na san matan ƙauyen da suke jeruwa da ƙwaryar fura da dafaffen ƙwai da rake, ana miƙo hannu ta taga ana karɓa. Na san cewa babu mai agogo a ƙauyen, in jirgin hantsi ya wuce sai a ɗora sanwa. Na san yadda fasinja suke sauka idan jirginsu ya tsaya jiran wani ya gifta, su yi alwala a famfon tasha, su ja sahu a inuwar darbejiya, Bahaushe da Babarbare da Bafulatani, a tura wanda ya fi furfura gaba ba tare da an san sunansa ba. An haife ni a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, na kuma yi wayo ana ta muhawarar inda mace za ta zauna a mota, da ko ya dace ta hau acaɓa. Baba Tsoho yana sauraron rediyo sai ya girgiza kai ya ce matsi ne ya kawo duk wannan. A tarago, in ji shi, mata da kansu suke tattaruwa gefe guda, su shimfiɗa zane, kafin a kai tasha ta uku sun san sunayen 'ya'yan juna, wata ma ta fara yi wa wata kitso.

Amma duk wannan kallo ne na mai tsayuwa a gefe. Aikinsa shi daban ne, kuma sai na bayyana shi kafin a fahimci mutumin.

Layin guda ɗaya ne tak. Jirgi mai tafiya da mai dawowa duk a kansa suke bi. Don haka akwai doka: ba a sakin jirgi daga tasha sai tasha ta gaba ta bugo waya ta ce layi a buɗe yake. Ita kuma ba ta cewa layi a buɗe yake sai ta tabbatar jirgin da ya riga ya shigo ya iso gaba ɗayansa, domin tarago yana iya kwancewa a daji a bar shi a kan layi, direba bai sani ba. Saboda haka ake rataya wani jan faifai na ƙarfe a bayan tarago na ƙarshe. Aikin Baba Tsoho shi ne ya tsaya can nesa, wajen da ake juya layi, ya jira wutsiyar jirgi. Kowa yana gaba wajen hayaniya, ana rungume baƙi ana sauke kaya, shi yana can shi kaɗai da tutarsa. Sai ya ga jan faifan nan da idonsa sannan ya ɗaga hannu ga shugaban tasha ya ce, “Ya iso duka.” Sannan a buga waya, sannan wani jirgin ya motsa.

Akwai labarin da ya fi so, wanda Iya ta fi tsana. Wata rana da bazara jirgin kaya ya shigo daga gabas, ya wuce ta gabansa tarago bayan tarago, na ƙarshe ya zo babu faifai. Ga jirgin fasinja a tsaye maƙil da mutane yana jiran a sake shi ya bi layin. Ma'aikacin da ke cikin jirgin kayan ya rantse tarago goma sha tara ya taso da su, ga su nan goma sha tara. Shugaban tasha ya ƙirga, haka ne. Baba Tsoho ya ce shi ba a ɗauke shi aikin ƙirga ba, an ɗauke shi aikin ganin faifai, kuma bai gani ba. Ya saɓa tuta a kafaɗa ya bi layi da ƙafa cikin rana. Fasinja suka yi ta zaginsa ta taga har ya ɓace musu.

Mu yara kullum muna jiran ya ce ya tarar da tarago a daji. Ina! Babu abin da ya tarar sai faifan, ya faɗo cikin rairayi, ƙugiyarsa ta karye. Ya ɗauko shi ya dawo, bayan awa uku.

“Awa uku ya gasa bayin Allah a rana,” in ji Iya, “saboda murfin langa.”

“Gobe ma in aka yi haka, haka zan yi,” in ji shi, yana murmushi kamar wanda aka ba lambar yabo.

Wannan hali ne ya ɗauko ya kawo gida, ya kafa mana doka biyu. Ta farko, duk wanda ya yi tafiya daga gidan nan sai ya aiko da labarin saukarsa. Ta biyu, wadda ta fi ba mutane haushi, muddin labarin bai zo ba, babu wani ɗan gidan da zai bi wannan hanya. Kafin zuwan wayar hannu, ta bakin direbobin da ke juyowa ake aiko saƙo, har suka saba. Sai ka ji mota ta tsaya a bakin lungu an ƙwala kira, “A gaya wa Reluwe kayansa sun sauka!” Shi kuma yana zaune a zaure tun fitar matafiyin, ba ya zuwa ko'ina sai masallaci.

Har yau ana ba da labarin bikin Mai'adua a danginmu. Babana ne ya yi gaba da sassafe da kayan gara, aka shirya Iya za ta bi shi da hantsi. Ya isa, hidima ta ɗauke masa hankali, ya manta bai aiko kowa ba. Iya ta sha lalle, ta ɗaura sabuwar atamfa, ta fito ta tarar da mijinta ya miƙe ƙafa a ƙofar zaure.

“Malam, Mai'adua ce fa. In ka hau katanga kana hango ta.”

“Layi bai buɗe ba.”

“To ni jirgi ce?”

“Ai jirgi ya fi ki jin magana.”

Sai bayan la'asar saƙo ya zo. Ta isa an riga an kai amarya, an cinye tuwo. Sati biyu ta yi tana zuba masa miya ba man shanu.

Da waya ta shigo gari babana ya saya masa ƙarama. Bai taɓa koyon komai a cikinta ba sai danna kore da ja. Ba ya hira a waya, ba ya gaisuwa mai tsawo. Na tuna ran da Gwaggo Binta ta tafi da ni hutu gidanta a Kurna, a Kano, ina 'yar shekara tara. Muna ajiye jaka ta kira shi ta miƙa mini. Na tattaro gaisuwata zan fara, sai na ji, “Saratu, kun sauka? Duka? Hannu da ƙafa da kaya?” Na ce e. Ya ce, “Alhamdu lillahi,” ya kashe. Har kuka na yi, na ɗauka ba ya so na.

Ya rasu da hantsi, bayan 'yar jinya ta kwana shida, cikin hankalinsa da kalmar shahada a bakinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Shekarar farko mun riƙe dokarsa, ta farkon dai. Ta biyun tun ranar sadakar bakwai aka karya ta, domin baƙi da yawa hanya ɗaya za su bi. A hankali kiran ya koma ɗan rubutu, “na sauka.” Daga baya rubutun ma ya ɗauke. Kowa yana da waya, kowa yana ganin kowa a kanta, sai muka ɗauka ai in wani abu ya faru za a ji. Babu wanda ya ce a daina. Zauren ne kawai ya zama babu kowa a ciki.

Bayan ƙaramar Sallah ta bana na shiga mota daga Daura zan kai takarduna Kano, in kwana gidan Gwaggo. Bayan mun wuce Kazaure tayar gaba ta fashe. Ba zan ba da labarin abin da ya biyo baya ba. Mutum biyu ba su tashi ba, ɗaya daga cikinsu matar da ke gefena ce, wadda ta ba ni dabino muna fita gari. Ni na samu karaya a hannu da buguwa a kai. Wayata ta tarwatse, jakata ban san inda ta faɗa ba. Na farka a wani asibiti, hankalina yana zuwa yana tafiya. Wata ma'aikaciya ta yi ta tambayata lambar wani nawa, na buɗe baki, babu ko ɗaya a kaina. Duk suna cikin wayar.

A gida an ɗauka ina Kurna, an kira an ji a kashe, aka ce ai Kano ba wuta, caji ne ya ƙare. Gwaggo kuma ta ɗauka na ɗaga tafiyar, domin sau biyu ina ɗagawa a baya. Ummata ta gaya mini daga baya cewa tun azahar gabanta yake faɗuwa. Amma ni ce 'yar farinta. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta tashi a gaban surukarta ta ce a nemo mata ni. Ta haɗiye, ta shiga kicin, ta yi tuwon da ba ta iya ci ba. Babana kuwa yana ganin in ya kira ƙanwarsa yana tambaya, kamar bai yarda da riƙonta ba ne. Kowa ya yi kara, kowa ya yi kawaici. Sai washegari da hantsi Gwaggo ta bugo tana tsokana, “Yaya, 'yar taka ta sake fasawa ne?”

Yini da kwana na yi babu mai nemana. Mutanen da suka fi kowa so na a duniya, kowannensu ya ajiye ni a hannun ɗaya. Karayar ta warke, an cire filasta. Wannan ne bai warke ba. Da na ji ƙarar birki sai in toshe kunnuwana. Da na hango tasha sai in ji kamar in na shiga motar nan zan sake faɗawa wannan rami da ke tsakanin gida biyu. Ba na zargin kowa. Ummata ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, a gaban kowa, har ta kira sunana.

A watannin da na yi a zaune a gida na yi ta tunanin abin da Baba Tsoho zai ce da yana nan. Ina jin zai yi mamakin yadda wayoyi suka cika gida, har na kallon fuska, amma aka rasa mai yin tambayar nan tasa mai kalma biyu, “Kun sauka?” Shi ba shi da kara a wannan fage. Da yana zaure, kafin azahar ya tayar da Kano da Daura tsaye, ya kira Gwaggo sau goma, ya je tasha ya tsare shugaban direbobi, kuma ko da a ce na isa lafiya caji ne ya ƙare, ba zai ji kunyar kowa ba.

Na kuma yi tunanin me zai ce game da sabon layin dogo da ake shimfiɗawa ta gefen garinmu. Ƙannena sun je sun ga tudun jar ƙasar da aka tara da manyan motocin aiki, suka dawo suna cewa jirgi zai zo Daura. Na san da sai an kai shi ya gani, ko a bayan babur ne. Zai tsuguna ya dafa ƙarfen. Zai tambayi ma'aikatan ko layi ɗaya ne ko biyu, ya tambaye su wa zai tsaya a baya. In suka ce yanzu na'ura ce take gani, zai ce to, na'urar tana da ƙafar bin layi in ba ta gani ba? Ban sani ba ko sabon jirgin zai tsaya a ƙananan ƙauyuka har a miƙa fura ta taga. Ina dai fata in ya zo, in shiga, in ji ko gurnanin da tsohon nan yake yi da maƙogwaro ya yi kama.

Saura kwana biyu a rufe rajista babana ya ɗauki hutu a makarantar da yake koyarwa, ya ce shi zai raka ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, “In kin ce a bari, a bari, wata shekarar ma shekara ce.” Amma ni da shi mun san wahalar da aka sha kafin a samu gurbin nan, mun kuma san in na bari bana, baɗi ma tsoron yana nan yana jirana. Na shirya. Na shiga mota idona a rufe, na riƙe hannun rigarsa kamar 'yar yaye, ina ta karanta duk addu'ar da na iya tun ta Islamiyya.

Na daure har Kazaure. Da na ji ana kiran sunan garin, na san abin da ke gaba. Na ce a sauke ni. Direba ya fara mita, wata dattijuwa a baya ta ce masa, “Kai ɗan nan, tsaya mana, ba ka ga yarinyar ba?” Muka sauka, mota ta tafi ta bar mu. Na zauna a bencin wata mai awara cikin rana. Na ce, “Baba, ka mai da ni gida.” Ya dube ni a hankali ya ce, “To, Saratu. A me?” Sai a lokacin na gane komawar ma mota ce. Na fashe da kuka, shi kuma ya rasa abin yi, ya kira uwarsa ya miƙa mini wayar.

“Ƙawata, an ce kin yi zaune a Kazaure. Miji kika samu a can?”

“Iya, ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya ba.”

Sai ta ce, “Matsa daga kusa da ubanki, zan gaya miki abin da shi ma bai sani ba.” Na matsa. “Kakan nan naki da kuke ta yabo, duk ƙasar Daura babu matsoracin mota irinsa. Ran da muka baro tasha za mu dawo gida, kaya da yara suka yi gaba a babbar mota. Ni da Malam kwana biyu muka yi tsakanin Kano da Daura. Kowane gari sai ya bubbuga jikin mota ya ce a sauke shi. Ya zauna gindin bishiya, gumi har cikin takalmi. Ya ce mini, ‘Hauwa, abin nan ba shi da layi. Inda direba ya ga dama nan yake bi.’ Da muka iso aka tambaye mu, na ce ziyarar dangi muka tsaya. Ni na rufa masa asiri duk shekarun nan, yau kin sa na tona.”

Ina kuka sai na ji dariya ta kufce mini. Na ce, “To yaya aka yi ya iso?”

“Cewa yake yi shi bai san wata Daura ba. Garin gaba kawai ya sani. A wajen aikinsu ma, in ji shi, babu wanda ya taɓa sakin jirgi zuwa Nguru, zuwa tasha ta gaba ake sakinsa. Ke ma ba Kano za ki ba. Wane gari ne a gabanku?”

Na tambayi babana. Na ce, “Dambatta.”

“To Dambatta za ki. In kin sauka ki kira ni. Ga ni nan na fito da tabarmata, ko fitsari ba zan tashi ba.”

Haka muka yi. Daga Kazaure zuwa Dambatta ban buɗe ido ba, ban san lokacin da muka wuce wurin haɗarin ba, babana kuma bai nuna mini ba. Muka sauka, na kira, na sha ruwa, na zauna na huta. Daga Dambatta zuwa Kunya na buɗe ido sau biyu, na ga gero ya fitar da kai. A Kunya Iya ta ce in yi sauri, ƙafarta ta fara sanyi. Daga nan sai Dawanau, sai Kurna. Tafiyar da ake yi kafin azahar, mu sai da aka yi la'asar muka shiga gidan Gwaggo. Mota huɗu muka canza. Sai da muka zauna babana ya ce, “Wai me tsohuwar nan ta gaya miki?” Na ce sirrin mata ne. Yanzu dai zai karanta a jarida. Iya ta ce in rubuta, shekara goma ta isa.

Washegari na yi rajista. Yau sati na shida ke nan ina ɗaukar darasi, an fara koya mana auna jini da gyaran gadon marar lafiya, kuma ina jin daɗin abin fiye da yadda na zata.

In aka tambayi mutanen unguwarmu me Sule Reluwe ya bari, za su ce gida ɗaya, da gona a hanyar Zango, da labaran jirgi. Wasu za su ƙara da cewa mutum ne mai taurin kai. Ni ma haka na ɗauke shi shekara goma, ina ganin ƙarfe ne ya zama mutum. Yanzu na san mai fargaba ne kamar ni. Ya san yadda abu yake kufcewa a tsakanin gari da gari, sai ya mai da fargabarsa aiki, ya yi wa baƙi shekara talatin, ya yi wa iyalinsa sauran kwanakinsa, ana yi masa dariya yana murmushi. Wannan sanin ya fi mini duk abin da aka raba na gado. Allah ya kai haske kabarinsa, ya haɗa mu da shi a gidan da ba a rabuwa.

Tsoron bai tafi ba, kada in yi wa masu karatu ƙarya. Juma'a ta sama za a ba mu hutun tsakiyar zango, kuma babana ba zai samu zuwa ɗaukata ba. Amma na riga na wanke kayan da zan sa.